Wurin Zaman Baba

Tela bai san komai game da tsuntsaye ba, in ban da kaza a faranti. Amma da likita ya ce idanun surukinsa ba za su kai baɗi ba, Tela ne ya fara cewa a kai Baba gandun daji ya ga 'yar tsuntsuwar nan mai jan ƙirji da ya daɗe yana bege. Tun da ya auri 'yar mutumin, gaisuwa kawai ke haɗa su, shi kuwa yana so ko sau ɗaya tsohon ya yaba masa.

Hanyar siririya ce, ga hawa, ga duwatsu. Matarsa na riƙe da hannun mahaifinta suna tafe sannu-sannu. Tela, sarkin azarɓaɓi, ya saɓa tabarma ya yi gaba, wai zai gyara musu wurin zama.

Ya iske kangon tsohon gari, katanga rabi a tsaye rabi a zube, ga inuwa mai sanyi. A jikin bangon akwai wani ɗan rami cunkushe da busasshiyar ciyawa. Ina, Baba ba zai zauna ƙarƙashin wannan ƙazantar ba, wa ya sani ko da kunama. Ya sa sanda ya zaƙulo ta kaf. Sai da wani abu ya yi ƙwas ƙarƙashin takalminsa sannan ya duba. Ƙwai ne, 'yan mitsi-mitsi masu ɗigo-ɗigo. Ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe, ya shimfiɗa tabarma a kai.

Suna zama ke nan, Baba bai ma gama ciro madubin hangen nesansa daga jaka ba, sai ga tsuntsuwar. Ta sauka bakin ramin, ta leƙa, ta tashi, ta sake dawowa tana kuka, dab da kawunansu. Tsohon ya saki baki, hawaye na bin kuncinsa. Cikin raɗa ya ce shekara da shekaru yana bin ta bai taɓa ganinta kusa haka ba, lallai tana da sheƙa a nan, kada kowa ya motsa a firgita ta.

Matar ta dubi ciyawar da ke warwatse a gefen tabarma, ta dubi ramin, sannan ta dubi mijinta. Kunya ta lulluɓe Tela har gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Baba ya laluba ya kamo hannunsa.

"Kai ka zaɓo mana wurin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Yadda ka faranta mini, Allah ya faranta maka."

Tela ya sunkuyar da kai yana kallon tabarmar. Matarsa ce ta amsa da amin a madadinsa, ba tare da ta ƙara kallonsa ba.