Ranar da Kafinta Ya Bar Sansani

"Tsaya, tsaya! Buhu ka ɗauka ne?" in ji tsohon. "Sa hannunka ƙarƙashin hammata, ka lanƙwasa gwiwa. Da ƙafa ake ɗaga mutum, ba da baya ba."

Kafinta ya mayar da shi kan kujerar roba da ke bakin banɗaki, ya sake kamu. Jikin ba nauyi a sama, amma ƙafafun sun kumbura sun yi sumul, sai jan ƙasa suke. Da ƙyar suka kai gado. Auta, 'yar tsohon, ta biyo su da tawul da kwanon magani, tana ture takalma da ƙafa don kada su yi tuntuɓe.

"Baba, kai ake yi wa aiki, kai ne kuma mai ba da umarni," in ji Kafinta yana haki.

"To wa zai bayar? Kai?"

Duk layin Kwamanda suke ce wa tsohon, ko da yake bai taɓa aikin soja ba. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Sunan daga 'yan sikawut ya samo shi, don tun yana saurayi yake tara yaran unguwa kowace Asabar a filin firamare, aikin sa kai, babu wanda ya ɗora masa. Katanga ɗaya ta raba gidansa da shagon Kafinta. Wata rana ya leƙo neman sandunan kafa tanti, daga nan sai "zo ka riƙe mana nan", daga nan sai "ka lura da waɗannan ina zuwa". Kafinta bai san lokacin da ya zama mataimaki ba. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da tsohon kuwa, Kafinta kaɗai yake fita da yaran.

"Ka haɗa jakarka?" Kwamanda ya tambaya da numfashinsa ya daidaita.

"Baba, na fasa zuwa."

"Ka fasa me?"

Maganar ba sabuwa ba ce. Shugaban makarantar ya riga ya sanar cewa daga sabon zangon da za a shiga mako mai zuwa, duk babban da ba shi da takardar horo ba zai ƙara tara yara a filin ba. Horon manya kuma sau ɗaya ake yi a shekara, a ƙarshen makon nan ya faɗo.

Auta ta dire kwanon da ƙarfi. "Baba, in Yaya ya tafi wa zai ɗaga ka? Ni? Ga shagon magani, ga gida, ga kai."

"Direban gidan gaba zai shigo."

"Direban da sai ya yi mako bai kwana gida ba? Tun ina ƙarama yaran mutane suke gaba da mu. Yanzu kana kwance ma su ne a gaba."

Tsohon bai kalle ta ba. Ya kama hannun rigar Kafinta. "Yaran nan, in aka rufe musu filin nan, bakin tasha za su koma. Ka san su, na san su. Ni ba inda zan je kafin Lahadi. Ka tafi ka dawo ka same ni."

Kafinta ya kalli Auta. Ta ɗauki tawul ta fita, labule ya bi bayanta.

Ranar Juma'a da safe ya tafi, bayan ya roƙi mai wankin mota na bakin layi ya riƙa leƙawa. Matarsa ta rako shi ƙofa tana dariyar gajeren wandon kakin da ya sa. "Baban yara, ka dai bi ta lungu, kada masu ba ka aiki su gan ka."

A filin wata kwaleji a bayan gari aka kafa sansanin. Malaman makaranta ne suka fi yawa, sai ma'aikatan jinya, sai wani tela mai ƙiba da aka haɗa su tanti ɗaya, wanda ya ce shi dai matarsa ce ta turo shi ko zai rage tumbi. Mai horar da su wata mata ce mai furfura a gaban goshi, ba ta ɗaga murya amma kowa yana jin ta. Abu na farko da ta yi, ta zagaya da bokiti.

"Wayoyi a nan. Za ku karɓa da safe kafin a fara, da kuma hutun rana. Wanda idonsa ke kan waya, ba ya kan yara."

Da ta zo kan Kafinta ta dubi ɗan ƙyallen da ke wuyansa. "Ɗaurin Kwamanda ne wannan. Yaya jikinsa?"

"Da sauƙi, Malama."

"Shi ya horar da ni. Ka gaishe shi."

Daga nan Kafinta bai ƙara samun natsuwa ba. Ana koyar da yadda ake magana da yaron da ya yi laifi ba tare da an kunyata shi gaban 'yan uwansa ba, shi kuwa hannunsa na lalubar aljihun da babu komai. Ana bayanin dalilin da babba ba zai keɓe da yaro shi kaɗai ba, shi yana tunanin ko mai wankin mota ya san a hankali ake sauke ƙafafun tsohon. Da hutun rana ya kira, Auta ta ce, "Yana nan," ta kashe. Ya zagaya filin, ya dawo, ya gyara igiyar tantin da ba ta lalace ba.

Ranar Asabar aka raba su rukuni rukuni, aka ba shi jagorancin nasu, su bi alamu cikin gonaki su dawo. Ya sa kai gaba kamar ana korar sa. Su suka fara isowa, yana tsaye yana jiran yabo, Malama ta ce, "Ƙirga mutanenka."

Ya ƙirga. Babu Tela.

Sai can aka hango shi yana tafe yana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu, yana faɗin, "Jama'a, ko akuya aka fita da ita ai a waiwaya!" Aka fashe da dariya. Malama ba ta yi ba.

"Da yaro ne fa? Me za ka ce wa uwarsa, kun zo na ɗaya?" Ta rage murya. "Gobe ne gwaji. Za ka sake jagoranci ina kallo. Ka dawo da hankalinka nan."

Da safiyar Lahadi ya zaro wayarsa daga bokiti, ya ga kiran Auta jere. Ya koma bayan tanti ya kira.

"Yaya, tun jiya bai ci komai ba. Numfashin ya canza. Likita ya zo ya duba, ya ce a bar shi a gida kawai." Muryarta a bushe take. "Baba ya hana ni kiranka. Ni ban ce ka zo ba, ban kuma ce kada ka zo ba. Na dai gaya maka."

Ya daɗe a tsaye da wayar a kunne bayan ta kashe. Ana ta busa usur, mutane na gudu zuwa layi. Ya shiga layin, ya fita. Ya ɗauki jaka, ya ajiye. Daga ƙarshe ya je ya sami Malama a gindin bishiya.

Ta saurare shi har ya gama. "Gwajin zai kai la'asar," in ji ta. "In ka tafi yanzu, sai baɗi, kuma daga farko za ka faro."

"Malama, ba yadda za a yi? Na daɗe ina fita da yaran nan. Kwamanda ma shaida ne."

"Na sani. Amma ba zan sa hannu kan abin da ban gani ba, balle bayan na jiya. In na yi, shi ne zai fara tsine mini." Idonta ya kawo ruwa, ta kau da kai. "Ba zan zaɓa maka ba, Malam. Da ni ce ma, ban san abin da zan yi ba."

Tela ne ya ɗauko masa jakar har bakin titi. "Je ka, ɗan'uwa. Na yafe maka na jiya."

Motar da ya samu ta ƙi cika. Ya zauna, ya fito, ya taya yaron mota kiran fasinja. Da aka tashi kuma direban ya riƙa tsayawa a kowane ƙauye. Kafinta yana ta kaɗa ƙafa har matar da ke kusa da shi ta ce, "Bawan Allah, kujerar nan tamu ce mu duka." Rana ta karkata kafin ya sauka a bakin layi. Bai bi ta lungu ba, bai ma tuna da wandon ba.

Ɗakin yana warin man zafi. An tokare tsohon da matasan kai, bakinsa a buɗe, fanka na juyawa a hankali. Auta na kai da kawo tsakanin gado da taga, tana ninke zanin da ta riga ta ninke. Kwamanda ya buɗe ido, ya bi kakin da kallo tun daga wuya har gwiwa.

"An gama?"

Ta bayan kan mahaifinta Auta ta gyaɗa wa Kafinta kai da sauri, tana roƙonsa da ido. Kalma ɗaya ce, ta zo masa har kan harshe.

"Ban gama ba, Baba. Na taho kafin gwaji."

Tsohon ya rufe ido. Ya juyar da fuska wajen bango.

"Shashasha," in ji shi.

A waje wani yana tura baro, ƙafar tana kuka. Kafinta ya tsaya riƙe da jaka, bai san ko ya zauna ko ya fita ba. Ya ji haushin tsohon, ya ji haushin kansa, ya ji kamar ya koma tasha da gudu ko zai tarar da ƙarshen gwajin.

Sai tari ya sarƙe Kwamanda, matasan kan suka zame. Kafinta ya yar da jakar, ya hau gadon ta baya, ya jingina tsohon a ƙirjinsa. Numfashin ya ɗan sassauta. Yana jin ƙasusuwan bayan tsohon ta cikin riga.

"Wa ke koyarwa?" tsohon ya tambaya can, murya ƙasa ƙasa.

"Wata mai furfura a goshi. Ta ce a gaishe ka."

"Uhm. Ta yi maka sassauci?"

"Ko kaɗan."

"Yawwa." Ya huta. "Me ka ɓata?"

Kafinta ya ba shi labarin Tela da takalmi a hannu, har da maganar akuya. Kafaɗun tsohon suka girgiza, dariya ce da ba ta da sauti.

"Kullum ina gaya maka. Mai jagora a baya yake tafiya."

"Na ji, Baba. Baɗi zan koma."

Idon tsohon ya bi Auta, wadda ta ɗauki kofi ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Auta, zauna mana. Kin sa ni jiri."

Ta tsaya cak. Sannan ta zo ta zauna a bakin gadon. Ya lalubo hannunta ya riƙe, ya ɗora a kan cikinsa. "Kin gaji," in ji shi. "Na sani." Ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye hannun ba.

A haka suka zauna har hasken taga ya sauko daga bango zuwa ƙasa. Numfashin ya riƙa nisa da juna. Kafinta yana karanta masa addu'a a kunne, yana jiran kowane na gaba. Aka zo kan wani, ya jira, ya jira, bai zo ba.

"Yaya?" in ji Auta.

"Sai haƙuri, Auta."

Wajen jana'iza mutane sun taru fiye da yadda layin zai ɗauka. Manya masu gemu, wasu da motoci, kowa na cewa shi ma yaron Kwamanda ne. Shugaban makarantar ya zo gaisuwa, ya ja Kafinta gefe. "Wallahi ba a son raina ba. Doka ce daga sama. Ka kawo takarda, ranar zan ba ka makulli." Kafinta ya ce ya gane.

Makon nan aiki ya ƙi masa. Ya auna katako ya yanke ba daidai ba, ya nemi fensirin da ke bayan kunnensa. In ya ji motsi ta bayan katanga sai ya ajiye zarto ya kasa kunne, sai ya ji Auta ce ke jan kujera. Wata safiya ta leƙo shagon za ta wuce aiki.

"Da ka ce masa an gama," in ji ta.

"Da ya tambaye ni takardar."

Ta ɗan yi murmushi. "Da ya tambaya kam." Ta gyara mayafi ta tafi.

Ranar Asabar yana goge ƙafar wani tebur, matarsa ta fito da bokitin wanki. "Baban yara, ka ga yaranku sun wuce? Duk da kakinsu. Ba ka gaya musu an rufe ba?"

"Na gaya musu."

Ya ci gaba da guga. Ya tsaya. Ya ci gaba. Sannan ya ajiye, ya fita da garin katako a gashinsa.

Ƙofar makarantar na kulle da kwaɗo. Ta cikin ƙarafunan ana hango filin, ciyawa ta fara tsawo. Yaran suna zaune a jere kan dakalin siminti da ke jikin katangar, manya a gefe ɗaya, ƙanana a ɗaya, gwiwoyinsu duk ƙura. Ba mai wasa, ba mai surutu. Da suka gan shi suka fara miƙewa, ya ɗaga musu hannu su zauna.

Ya tsaya a gabansu. Sai na tsakiya suka muskuta, waɗannan suka matsa hagu, waɗancan dama, wuri ya buɗe daidai mutum ɗaya. Kafinta ya zauna. Simintin da ɗumin rana. Suka zuba wa titi ido tare, motoci na wucewa.