Babban Yatsan Ɗan Tuntuɓe

Mutum huɗu ne a gidan, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Manfuha da ke birnin Riyad, kuma kowannensu akwai abin da ya rasa. Nu'uman, maigidan, direba ne a wani kamfanin kai kaya. Shi lokaci ya rasa, domin yakan fita kafin rana ta fito, ya dawo bayan ta faɗi. Matarsa Bilƙisu ta rasa abokin hira. 'Yarsu Sumayya, wadda aka haifa a Riyad, take aji uku a firamare, ta rasa Hausa. Tana ji kaɗan-kaɗan, amma in za ta amsa sai Larabci ya riga fitowa. Na huɗun shi ne Malam Ɗalhatu, mahaifin Nu'uman, wanda aka kawo daga Kano da bizar ziyara don likita ya duba masa zuciya. Ba ya jin Larabci sai na salla, ga shi da in'ina tun yana yaro. Abin da ya rasa shi ne 'yan kallo.

Da can, lokacin yana saurayi, babu wanda ke kiransa Ɗalhatu. Ɗan Tuntuɓe ake ce masa. A zamanin nan motar majigi ce ke yawo ƙauye-ƙauye, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, a haska wa jama'a hoto kan tsaftar rijiya ko allurar rigakafi. Hoton ba shi da murya, wani ne ke tsayawa gefe da lasifika yana bayani. Da aka lura mutane na watsewa in wa'azin ya yi tsawo, sai aka nemi wanda zai riƙa ba su dariya a tsakani. Aka sami Ɗalhatu, yaron da ba ya iya kai ƙarshen jimla ba a yi masa dariya ba. A gaban na'urar ɗaukar hoto babu mai bukatar bakinsa. Shi ne wawan da ke shan ruwan kududdufi, shi ne mai gudun allura ya faɗa cikin kwandon tumatir. Faɗuwa ce sana'arsa, kuma ya iya ta: daga kan jaki, daga kan katanga, daga kan keken da ba shi da birki.

Daga baya majigi ya mutu. Aka shiga yin fim mai magana, aka gwada shi sau ɗaya, ya tsaya a kan kalma guda har mai ba da umarni ya kawar da kai. Ya koma gyaran keke a bakin titi. Gwangwanayen da aka adana hotunansa a ciki kuwa, damina ta shiga ɗakin ajiyar ta gama da su. Ko ƙyallin hotonsa ɗaya bai rage ba.

Ran da ya iso Manfuha, ya miƙa wa jikarsa hannu ya ce, "A-a-amaryata, zo mana."

Sumayya ta ɓuya bayan uwarta, ta tambaya da Larabci me ya ce. Bilƙisu ta yi dariya ta bayyana mata cewa haka kakanni ke tsokanar jikokinsu a gida. Yarinyar ta kalli tsohon, ta kalli bakinsa da ke rawa, ta shige ɗaki. Haka suka yi kwanaki. Shi yana zaune a falo ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ya lulluɓa da mayafi, ita tana wucewa ta gefensa kamar kujera ce. Bizar ta wata uku ce, kuma ya sani sarai ba lallai ya sake ganinta ba. Abin da yake so bai wuce ta zauna kusa da shi ba, ko da sau ɗaya, ba don an aike ta ba.

Wata rana da azahar ta dawo daga makaranta ta yar da jakarta a tsakiyar falo. Malam Ɗalhatu ya miƙe kamar zai shiga kewaye. Ya zo dab da jakar ya tsaya, ya dube ta, ya kewaye ta da nisa yana tattare riga, kamar wanda ya ga maciji. Da ya wuce sai ya waiwayo ya yi wa jakar gwalo, ya juya da taƙama, nan take ya yi tuntuɓe da babu komai. Hularsa ta yi gabas, shi ya yi yamma, ya zube a kan darduma bai ko yi ƙara ba, ya miƙe samɓal kamar gawa.

Sumayya ta daskare. Can sai babban yatsan ƙafarsa ta dama ya motsa, ya sunkuya, ya ɗago, kamar mai gaida sarki.

Dariyar da ta yi har Bilƙisu ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Tun daga ranar falon ya zama filin majigi. Gurasar tamis da ake sayowa a kan kwana ta zama hular malafa, ta zama mafici, ta zama sitiyarin mota. Ya kwaikwayi yadda ya shiga metiro, jirgin ƙasan cikin gari, ƙofa ta kama masa bakin riga. Ya kwaikwayi mai baƙala, ɗan kantin ƙasan bene, yana korar ƙuda da fuskar alƙali. Kowane wasa da faɗuwa yake ƙarewa, kowace faɗuwa kuma da gaisuwar yatsa. Sumayya takan durƙusa wajen ƙafarsa tana jira, tana cewa, "Yalla, Kaka, yalla!" Kalmar Hausa ta farko da ta nema da kanta ita ce sunan abin. Ya ce mata, "Ya-yatsa." Ta maimaita har da in'inar, ya kama kunnenta, su duka suka yi dariya.

Ta sa uwarta ta tambaye shi dalilin motsa yatsan. Ya daɗe yana ba da amsa, rabi da baki rabi da hannu, Bilƙisu na juyawa zuwa Larabci. Wai a wani ƙauye wajen Ɗambatta aka haska hoton da ya faɗo daga kan rumbu ya kwanta shiru. Manya na ta dariya, sai wata 'yar yarinya ta fashe da kuka, ta ɗauka mutumin ya mutu. Shi kuwa yana zaune a bayan motar majigin yana jinta. Tun daga nan bai sake faɗuwa a gaban na'ura ba sai ya motsa yatsa, don yara su san yana nan.

Nu'uman bai san abin da ke faruwa ba sai wata Juma'a da ya fito daga wanka ya tarar da mahaifinsa a ƙasa, 'yarsa na tafi.

"Baba!" Ya ɗaga shi da hannu biyu. "Haba Baba. Me likita ya ce? Ko matakala cewa ya yi ka riƙa hawa a hankali."

"Wa-wasa ne."

"Na san wasa ne. Ni ne zan kasa sani? Maman Sumayya, ke ma kina tsaye kina kallo?"

Bilƙisu ta ce, "Ai ka ga yadda yarinyar ta sake da shi. Jiya har ruwa ta kawo masa ba wanda ya sa ta."

"To ta kawo masa ruwan yana zaune. Baba, don girman Allah ka bari. Nan ba filin kasuwa ba ne."

Tsohon ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya zauna. Sumayya ba ta gane duk kalmomin ba, amma ta gane an hana. A ranta ta yanke cewa babanta kunyar kakan yake ji.

Malam Ɗalhatu ya yi biyayya kwana biyu. Ya gwada hira da baki, jimlolin suka riƙa karyewa a hanya, yarinyar ta riƙa kallon ƙofa. A rana ta uku, da ya ga ta ɗauki littafinta za ta shige ɗaki, sai ya ɗora tamis a ka. Suka ci gaba, amma sai in Nu'uman ya fita. Bilƙisu takan ce, "Ni dai ban gani ba," tana leƙe ta ƙofar kicin.

Wata Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, Nu'uman ya shiga ɗaki ya kishingiɗa. Malam Ɗalhatu ya tashi da kofin shayi a hannu. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya buɗe baki kamar mai mamaki, gwiwoyinsa suka lanƙwashe a hankali. Kofin ya gangara ƙarƙashin kujera.

Sumayya ta toshe baki don kada babanta ya ji dariyarta. Bilƙisu ta leƙo ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai Baba, yau da mai gidan a ciki? Har da zubar mini da shayi a darduma?" Nu'uman ya ji motsin, ya ɗaga murya daga ɗaki, "Baba, ba mun yi magana ba? Don Allah ka tashi."

Yarinyar ta rarrafa wajen ƙafarsa kamar kullum, ta tallafe haɓa tana jira. Ta ce, "Yalla, Kaka." Ta jira. Ta taɓa tafin ƙafar da ɗan yatsanta. Sai ta miƙe ta ƙwalla ihu, kuma da Hausa ihun ya fito.

"Abba! Yatsa! Yatsa bai yi ba!"

Motar asibiti ta sha wuyar shiga lungun saboda motocin da aka ajiye hagu da dama. Aka sauko da shi a kan gadon ɗauka, maƙwabta na tsaye a matakala suna addu'a.

Washegari bayan la'asar aka bar su suka shiga su gan shi. An sa masa robar numfashi a baki, an rufe shi da farin mayafi zuwa ƙirji. Likitan ya riga ya ja Nu'uman gefe ya gaya masa cewa sai dai addu'a. Sumayya ta ƙi matsawa wajen fuskar, ta tsaya a ƙarshen gadon ta riƙe ƙarfe. Tsohon ya buɗe ido, ya neme ta, ya same ta. Suka daɗe suna kallon juna. Sannan a ƙarƙashin mayafin, daidai gabanta, wani ɗan tudu ya sunkuya, ya ɗago.

Ta yi tsalle. A baranda ta riƙe hannun babanta tana zuba Larabci: ya warke, ta gani da idonta, ya motsa, gobe za a sallame shi.

Nu'uman ya zauna a kan benci, ya jawo ta gabansa. Da Hausa ya fara, da ya ga ba ta bi sai ya koma Larabci.

"Ina kamar ke aka tafi da ni wajen ɗaukar hoto. Kakanki ya faɗo daga kan katanga, aka manta ba a janye wani turmi ba. Na ji ƙarar haƙarƙarinsa daga inda nake tsaye. Kin san me ya yi?"

Ta girgiza kai.

"Ya motsa yatsan. Kowa ya yi tafi. Sai da aka kashe na'ura aka ga ba ya iya tashi. Wata biyu ni ke shafa masa man zafi a baya, yana cizon hula don kada in ji nishinsa." Ya share fuska da tafin hannu. "Ba kunyarsa nake ji ba, Sumayya. Ban taɓa iya yin dariyar ba ne kawai."

Malam Ɗalhatu ya rasu kafin mako ya zagayo. Aka yi masa salla a Riyad, aka binne shi a nan, nesa da duk ƙauyukan da suka taɓa saninsa. 'Yan Najeriya da suka zo gaisuwa, direbobi da magina da ɗalibai, babu wanda ya taɓa jin sunan Ɗan Tuntuɓe. Suka yi addu'a Allah ya jiƙan mahaifin Nu'uman, suka sha ruwa, suka tafi.

Da gidan ya yi shiru, Sumayya ta ɗauko hularsa daga kan kujera ta zauna a dardumar, kusa da tabon shayin da bai gama fita ba. Ta cire safa ta gwada motsa babban yatsanta shi kaɗai, sauran suka riƙa binsa. Bilƙisu ta gan ta, ta koma kicin.

A ranar Sumayya ta gane cewa motsin yatsan kakanta bai taɓa nufin bai ji ciwo ba. Yana nufin kada yaron da ke kallo ya ji tsoro.