Hodar Hajiya Aisa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Hajiya Aisa, ba ta ƙara leƙa ko zaure ba. Ƙafa ta warke, amma hannun dama ya ƙi ɗaguwa, baki kuma ya ɗan karkace. Matar da duk Roni aka sani ko maƙwabta ba ta shiga sai da hoda, ita ce ta sa aka kife madubi.

Ga shi yau ake suna a gidan ɗanta, jaririyar kuma sunanta aka sa mata. Mai adaidaita sahu na ƙofar gida yana jira.

"Ba inda za ni, Malam," ta ce wa mijinta. "In je da fuskar jinya mata su zuba min ido, kowa sannu Hajiya, sannu Hajiya?"

Malam Madu, tsohon magini, ya ji abin har cikin ransa. Ya san in ba ta fita yau ba, ita da fita kuma sai dai labari.

"Takwarar taki fa? Kawo fuskar nan."

Hodarta ta gwangwani ta daɗe da ƙarewa, sai ya ɗauko wadda jikarsu Bilqis ta sayo mata a Kazaure, mai gida biyu, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya ja. Bai tambayi kowa ba. Shi a saninsa jar ƙasa ake fara yaɓawa kafin shafe. Ta rufe ido, shi kuwa ya dangwali ja da soso, ya bi daga goshi har haɓa, ko lungun hanci bai bari ba. Ya ja baya ya duba, sannan ya miƙa mata madubi.

"Innalillahi! Malam, tattasai ka mai da ni?"

Sai dariya ta ƙwace mata, har ta manta ba ta rufe bakin ba. Rabon da ya ji dariyar nan tun kafin ciwon, daɗi ya kama shi.

"Wannan na kumatu ne, bawan Allah! Ɗan kaɗan ake taɓawa."

Ya jiƙo tsumma ya goge, suka sake sabon lale. Tana faɗa yana bi. Hoda dannawa ake yi a hankali, ba gogawa ba. Ja kuwa a kan ƙashin kumatu kawai, a ja shi sama wajen kunne.

"Kai, hannunka nauyi! Ba bango ba ne."

Da ya gama, ba tare da ta faɗa masa ba, sai ya lashi babban yatsa ya share hodar da ta hau girarta, dama sannan hagu, daidai yadda takan ƙarasa kwalliyarta.

Hajiya ta buɗe ido ta dube shi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ke mana. Kin zaci hular da nake tsayawa gyarawa a bayanki kullum da safe karkacewa take yi?"

Idonta ya ciko da hawaye.

"A'a, kar ki ɓata min aiki, ko bushewa bai yi ba!"

Ta sake ɗaga madubin da hagu, ta daɗe tana kallo. Bakin na nan a karkace.

"Miƙo min mayafina," ta ce. "Ka ce wa mai adaidaita ga ni nan."