Likkafanin Tsoho Masaƙi

"Duk ƙasar Gummi ni kaɗai za ni shiga kabari da tufa ta mutunci," in ji maƙwabcina Tsoho masaƙi, yana wurga ƙoshiya. "Ku 'yan boko, cikin yadin kanti za a naɗe ku kamar burodi."

Na yi masa fatan alheri. Tun ina karɓar albashi yake saƙa wannan likkafani, har na yi ritaya. Matarsa Atine ce ke kaɗa zaren, shi kuma yana saƙa da jawabi.

Matsalar ita ce unguwarmu ba ta gajiya da haihuwa. Duk ranar suna sai Tsoho ya ɗauki almakashi ya yanko majanyi daga jikin likkafanin.

"Ɗiyan mutane ba a goya su da tsumma," yakan ce.

"Malam, da wanga yanka naka, ƙafafunka waje za su kwana," in ji Atine daga cikin gida.

"Mutuwa ta san ina da aiki. Ta dakata."

Ba ta dakata ba. Wata Laraba bayan azahar ya jingina da bango a bakin masaƙa. Surajo mai shayi ya yi ta tsokanarsa da lalaci kafin ya lura.

Da aka yi masa wanka, liman ya warware likkafanin. Daga kai ya taso da ƙarfinsa, ya tsaya a gwiwa. Ragowar tana bayan matan unguwa, ɗauke da jarirai.

Na miƙe zan tafi kasuwa sayen yadi, sai Atine ta kira ni daga bayan ƙofar zaure, ta miƙo ƙunshi. Farin saƙi ne mai kauri, cikakke. Nata ne, wanda ya saƙa mata tun idonsa na gani sosai.

"Inna, ke fa? Babu sauran masaƙi a garin nan."

"Ni ban cika wa kowa baki ba. Ku hanzarta, yamma na yi."

A maƙabarta kowa ya shafa gefen saƙin, aka yi ta cewa lallai Tsoho ya cika maganarsa. Ban gyara wa kowa ba.

Bayan sadakar uku na shiga gaishe da Atine. Na tarar tana gwada guntun likkafanin a jikinta. Ya kai mata ƙwauri. Ta ninke shi, ta sa a akwati, inda nata yake a da.