Sai Kuɗi Sun Shigo

"Ga shi nan, Dakta, duba da idonka. An rubuta an tura."

Matar ta miƙo wayar ta saman kantar shagon. Dakta bai ko karɓa ba. Shi fa ba likita ba ne, mai shagon magani ne, 'yan layin suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Ya duba tasa wayar. Shiru.

"Baiwar Allah, rasit ba kuɗi ba ne. Sai na ga alat."

"Yarinyata ce, asma ta tashi. Na bar ta da maƙwabciya, numfashi sama-sama. Ka ba ni abin shaƙar, wallahi kuɗin sun fita daga wajena."

Wallahin nan ya sha jin ta. A watan jiya wani mai tsadadden agogo ya nuna masa rasit irin wannan, har da tambarin banki, ya kwashi magani cike da leda, har yau kuɗin suna hanya. Tun ranar ya kafa doka, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita sai kuɗi sun faɗo asusunsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Ki ɗan jira, sabis ne."

Ta jira, tana leƙen titi tana leƙen fuskarsa. Daga baya ta ce a hankali, "Su ke nan gare ni." Ta juya ta fita da sauri, mayafinta na jan ƙasa.

Tela na shagon gefe ya leƙo, da tef rataye a wuyansa. "Yau ma ka kama ɓarauniya, Dakta? Kai da banki ban san wa ya fi wani taurin kai ba."

Tela bai gama dariya ba wayar Dakta ta yi ƙara. Kuɗin ne, cif, ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Dakta ya zabura. Ya fizgi abin shaƙar daga kan kanta, ya fito da gudu ba takalmi. Ya duba dama, ya duba hagu, motoci ne kawai da masu talla. Ya tambayi mai wankin mota, ya ce ta bi ta can. Mai sayar da katin waya ya ce a'a, mota ta shiga. Bai san gidanta ba, bai san lambarta ba. Kunya ta rufe shi, har ya kasa haɗa ido da Tela, wanda ya koma kan keken ɗinkinsa.

Hanya ɗaya ta rage masa, lambar asusun da kuɗin suka fito. Ya mayar mata da su duka, ko ta samu ta saya a wani wurin. A gurbin bayani ya rubuta: *Ki yafe ni. Ki dawo ki karɓa kyauta.* Ya danna.

Wayar ta yi ta juyi, sannan ta fito masa da rasit mai kyau, an tura. A ƙasa da ƙananan haruffa aka ce saƙon na iya jinkiri saboda matsalar sabis.

Ya tsaya a bakin ƙofa, magani a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana bin kowace mace mai mayafi da kallo.