Hannu a Baya

Gwaggo ta fara dukan ƙofar gidanmu tun Baba bai gama saka takalminsa na biyu ba. Na san dukanta. Da tafin hannu take yi, kamar ƙofar ce ta yi mata rashin kunya.

"Ke, zo ki buɗe. Na san kina ji na."

Ina jin ta kuwa. Tun jiya ta faɗa mini a waya cewa za ta zo da mota da keken marasa lafiya ta ɗauke ƙanenta, ta kai shi gidanta inda za a kula da shi kamar mutum. Wani mai bakin tsiya ne ya kai mata labari wai na bar tsoho mai shanyewar ɓarin jiki yana wanke kofinsa da kansa. Ba ƙarya aka yi mini ba, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Baba kafinta ne. Ranar da hawan jini ya kayar da shi a shago, ya farfaɗo hannun dama da ƙafar dama sun daina jin maganarsa. Da muka dawo daga asibiti, duk wanda ya zo dubiya maganinsa ɗaya ne: "Sannu, ka huta." Ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa, an riga shi. Zai gyara hula, an gyara masa. Muka yi ta hutar da shi har ya daina magana, ya koma kallon rufin ɗaki, salla ma sai a kwance. Likitar gashin ƙashi ce ta dube ni wata rana ta ce, "Hutun nan ne zai gama da shi. Ki bar shi da wani aiki da zai riƙa yi kullum da safe. Ke kuma ki tsaya kusa da shi, hannu a baya."

Aikin da ya zaɓa shi ne buɗe ƙofar gida. Shi ya haɗa ƙofar da hannunsa, shi ya sa mata sakatar nan mai taurin kai. Kullum zai fito daga ɗaki da sanda, ya ratsa tsakar gida, ya zare sakata, ya tsaya a rana yana amsa gaisuwar masu wucewa. Da farko har kuka ya yi don takaici, ya raɗa mini suna Sajan. Amma maganarsa ta fara dawowa, ya koma salla a zaune, yana ma ci mini gyara a kan rashin gishirin miyata.

Da na gaya masa zancen Gwaggo sai ya ce, "In Yaya ta ce in tafi, ba na iya ce mata a'a. Ita ta goye ni." Na san gidanta: katifa mai laushi, masu aiki ko'ina, ko cokali ba za a bar shi ya ɗaga ba. In ya shiga motar nan, ƙafar nan ta tafi ke nan.

Shi ya sa na ƙi buɗewa. Na matsa kusa da ƙofar na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, mai buɗewa yana tafe."

Akwai 'yar kafa ta wajen da ƙofar ta haɗu da bango. Na ga idonta a nan, yana bin Baba da ya fito yana jan ƙafa, ni kuma ina biye da shi hannuwana a baya.

"Tsaye kike kina kallonsa?" Muryarta ta sauka ƙasa, kuma wannan ta fi ihunta ban tsoro. "Uban da ya haife ki? Wace irin zuciya ce da ke?"

Ni ma kullum sai na yi wa kaina wannan tambayar.

Dukan ƙofar ya rikita Baba. Ya fara sauri, shi da aka ce kada ya yi sauri. Yana isa wajen famfo, inda siminti yake a jiƙe, sandar ta zame. Ya tafi gefe, ya sauka a kan gwiwa, na ji ƙarar har cikin haƙorana.

Gwaggo ta kira sunan Allah, ta kira direbanta ta ce ya ɓalle ƙofar. Ni kuma tuni na ruga wajensa. Na durƙusa gabansa, na duba idonsa da bakinsa yadda likita ta koya mini. Bakin bai ƙara karkacewa ba. Gwiwar ce ta ƙuje, jini ya ɓata wandon.

"Baba, kanka na juyawa?"

"A'a."

"In ɗaga ka?"

Ya kalli ƙofar, ya kalle ni. Tsoro na gani a fuskarsa ƙarara, kuma wallahi da ya ce e, da na sungume shi, komai ya ƙare a nan.

"Koma wajenki, Sajan," ya ce.

Na koma. Na mayar da hannuwana baya, na kama ɗaya da ɗaya don ban yarda da su ba. Ya ja jiki zuwa bencin da ya ƙera tun ina yarinya, ya ɗora hannun hagu, ya yunƙura. Ya koma ƙasa. Ya sake yunƙurawa, wuyansa duk jijiya, ya miƙe yana rawa. A waje dukan ƙofa ya tsaya cak.

Ya isa ƙofar gumi na ɗiga daga gemunsa. Hannun hagu yana kan sanda, in ya sake ta faɗuwa zai yi, don haka na daman ne zai yi aikin. Ya ɗaga shi da ƙyar, 'yan yatsun suka zame daga sakatar. Ya sake ɗorawa, ya maƙala babban yatsa, ya jingina kafaɗa da ƙofar yadda ya san tana so. Sakatar ta yi ƙara, ta tafi.

Gwaggo tana tsaye da keken a gabanta, sabo fil, ko ledar ba a cire ba. Fuskarta jage-jage da hawaye.

"Yaya, sannu da zuwa," in ji Baba, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Kin sha tsayuwa."

"Dubi gwiwarka," ta ce. "Zauna a nan mu tafi, Auta."

Maganar ba tawa ba ce kuma. Baba ya dubi keken, ya daɗe yana dubansa, har na fara tunanin kayan da zan haɗa masa. Wani maƙwabci ya wuce ya gaishe shi, ya amsa. Sannan ya juya sandarsa zuwa cikin gida.

"Shigo. Akwai kofin da zan wanke miki."

Takun farko ya yi tangal-tangal. Hannun Gwaggo ya kai wa kafaɗarsa cafka, hannun da ya saba tare shi tun yana rarrafe.

"Yaya," ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "hannu a baya."

Ta harare ni, harara mai kyau, wadda na san zan daɗe ina biyan bashinta. Sannan a hankali ta janye hannun, ta kai shi bayanta, ta kama shi da ɗayan.

Muka bi shi mu biyu. Keken yana nan a bakin ƙofa, cikin ledarsa.