Ɗinkin Bahaguwa

"Ɗaga murya, Atika, kunnen ma ya bi idon," in ji Inna Kezia.

Atika ta gyara zama a bakin katifa, ta rasa ta inda za ta fara. Tun daga Sabon Garin Maraɗi take jera maganar a bayan kabu-kabu, amma da ta shigo ɗakin nan na garin Tsibiri ta ga yadda tsohuwar ta rame, sai komai ya watse mata. Batula, ɗiyar Inna Kezia da ta ɗauko ta jinya, ta riga ta faɗa mata a zaure cewa lokotoron asibiti ya ce a mai da ta gida kawai.

Shekara goma sha huɗu katanga ɗaya ce tsakaninsu. A hannun tsohuwar nan Atika ta koyi haɗa bargo da ƙyallayen atamfa da teloli ke zubarwa, a shimfiɗa tsohon zane a tsakiya, a bi da allura layi-layi. Kuma ta sha wuya, don Inna Kezia ba ta iya yabo ba. Atika za ta yini kan layi ɗaya, tsohuwa ta duba, ta ja tsaki, ta sa reza. Har Maliki, mijin Atika, yakan tambaya da yamma ko yau ɗinki aka yi ko warwara.

Sai yanar ido ta rufe wa Inna Kezia gani. Ba ta ajiye allura ba, a ganinta idon ne ya tsufa, ba ita ba. Layukanta suka fara yawo kamar sawun kaza. Atika ce mai kai wa matan Jiratawa barguna, sai ta riƙa biyawa da su ɗakinta, ta warware, ta sake ɗinkewa, ta dawo wa tsohuwa da yabon masu saye. Shekara biyu tana haka. Abin da ke cin ta ke nan: matar za ta tafi tana alfahari da aikin da ba nata ba, ita kuma ta zauna da ƙaryar da babu sauran mai yafe mata.

"Inna, gahwara na zo roƙo," ta ce. "Bargunanki da nike kaiwa Jiratawa, warware su nike yi in sake."

Can sai kafaɗun tsohuwar suka fara motsi. Atika ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har ta koma tari, Batula ta leƙo da kofin ruwa.

"Shi ne kika taso tun daga Maraɗi ki hwaɗa mini? Ba ni hannunki."

Ta lalubo yatsan Atika, ta ɗora shi kan bargon da take rufe da shi.

"Wanga da na yi ma Batula, kika ce za ki wanke mini shi. Kwana tara yana wurinki. Wane irin wanki ne wannan? Ɗinkin bahaguwa irinki kuma gefe guda yake kwanciya. Ni ba bahaguwa ba ce, ɗiyata."

"To don mi ba ki yi magana ba?"

"Na so in yi. Ranar da kika maido shi na ɗauko reza na aje kusa. Tun hantsi har la'asar ina bin shi da yatsa, ina biɗar inda zan warware. Ban samu ba. Haushi ya kama ni ƙwarai." Ta numfasa. "Daga baya na ji daɗi. Kaɗan."

Atika ta fashe da kuka, amma kukan mai sauƙi ne. Ta ji ƙirjinta ya buɗe, har yunwa ta kama ta, ita da ta kwana biyu ba ta iya cin tuwo.

"Kin yahe mini, Inna?"

"Na yahe. Ke ma ki yahe mini tsakin da na sha yi miki."

"Duk na shekara goma sha huɗun?"

"Rabi dai. Rabin ke kika jawo."

Ranar Laraba da hantsi Inna Kezia ta cika. Atika ta je, ta zauna cikin matan majami'a suna waƙoƙinsu, ita tana tata addu'ar a zuci. Da za ta taso, Batula ta miƙa mata ƙullin zane, ta ce rabin bargo ne da Inna ta fara a kwance, Innar ce kuma ta ce a ba Atika.

Bayan kwana uku Atika ta shimfiɗa shi kan tabarma a inuwar dalbejiya. Layi huɗu ne kawai, duk a karkace, na ƙarshen ma ya haura kan ƙyallen da ba nasa ba. Allurar tana nan soke inda ta tsaya, da sauran zare a hancinta. Atika ta juya bargon ya fuskanci hannunta na hagu, ta zaro allurar, ta ɗora daga nan.